Tsakanin Dawanau da Maraɗi: Nazarin Aiki Ɗaya a Hannun Malamin Faransanci Mai Zaman Kansa

Wani ɗan kasuwa a Dawanau ya daidaita da wani kamfani na Maraɗi a kan aya tan 60, wato buhu 600 mai kilo ɗari-ɗari, za a kawo kashi uku cikin wata biyu. Da Hausa aka yi cinikin, ta waya, aka taya aka sallama babu wanda ya nemi tafinta. Da aka zo rubutawa ne kamfanin Maraɗi ya aiko da yarjejeniya shafi tara da Faransanci, alhali lauyan Alhajin Kano da bankinsa Ingilishi suke karantawa. Sai aka nemo wani malamin Faransanci mai zaman kansa, wanda ba ya ƙarƙashin makaranta ko ofishin fassara, abincinsa na fitowa daga darussan gida-gida da fassarar takardu. An gina lamarin a kan irin aikin da ke yawan zuwa hannun masu wannan sana'a a Kano, alƙaluman kuɗin kuma na misali ne, domin farashi a wannan hanya ba ya kwana biyu wuri ɗaya.

Abin da ya bambanta wannan aiki da tafintancin da aka saba gani shi ne mutanen biyu suna jin bakin juna sarai. Ratar tana tsakanin abin da suka faɗa da baki da abin da takarda ta ƙunsa, kuma takardar ce kotu za ta duba in rigima ta tashi. Malamin da bai gane haka ba zai mayar da kalma zuwa kalma, ya karɓi kuɗinsa, ya bar Alhaji ya sa hannu a kan cinikin da ba shi ya yi ba.

Buƙata ɗaya, aiki uku

Ga yadda aka gabatar masa da maganar: "Malam, ga 'yar takarda ka duba mana. Ranar sa hannu ka raka mu Maraɗi. Sannan yaran nan biyu, ɗana da akawuna, ka koya musu Faransancin nan mu huta. Nawa za a ba ka gaba ɗaya?"

Malamin ya faɗi kuɗi ɗaya dunƙule, da baki, bai ga takardar ba tukuna. Kusan duk wahalar da ta biyo baya daga nan ta samo asali. Fassarar rubutu da yawan kalmomi ake auna ta. Tafintanci da yini ake auna shi, har da yinin tafiya. Koyarwa kuwa da awa ake auna ta, kuma tana ɗaukar watanni. In aka haɗa su a farashi ɗaya, babu ranar da za a ce wani sashe ya kammala balle a biya shi, sai kuɗin fassarar da aka gama a makon farko ya zauna jiran darasin da zai ƙare bayan wata uku. Amsar da ta dace ba ta da tsawo: "Ranka ya daɗe, a turo mini takardun duka in ƙirga, gobe in kawo lissafin kowanne daban a rubuce."

"'Yar takardar" ma da ta iso ba ita kaɗai ta zo ba. Yarjejeniyar kalma 3,200 ce, ga takardar rajistar kamfanin, ga ta lambar haraji, ga daftarin farashi, jimla wajen kalma 4,000. Ƙwararren mai fassara yakan yi kalma 2,000 zuwa 2,500 a yini in rubutun mai sauƙi ne. Rubutun shari'a yakan sauko da shi wajen 1,500, domin kowace jimla sai an tsaya a kanta. Ke nan kwana uku na fassara, da na huɗu na bita. Alhaji washegari yake so. Aikin gaggawa halal ne a karɓa, amma da ƙarin kuɗi da aka faɗa tun farko, kuma ba a kan yarjejeniyar miliyoyi ba.

Takardar da kanta

Hotuna aka turo ta WhatsApp, an ɗauke su a karkace cikin hasken shago. Abin farko shi ne a nemi ainihin fayil ɗin daga wanda ya rubuta shi, ko aƙalla kwafin da aka ɗauka da na'urar sikana. Manhajar da ke mayar da hoto rubutu tana zubar da alamomin da ke kan wasulan Faransanci, tana kuma rikita alƙaluma. Inda aka cike gurbi da hannu haɗarin ya fi yawa: wanda ya yi makarantar Faransanci yakan rubuta 1 da doguwar ƙafa a gaba har ya yi kama da 7, shi kuma 7 ya ratsa masa layi a ciki. Idon da ya saba da rubutun Najeriya zai karanta tan 17 a matsayin 77.

Tsarin rubuta lamba shi ma daban ne. Bafaranshe yana raba dubbai da ɗigo ko da fili, ya raba gutsure da waƙafi, akasin Ingilishi. A ce farashin tan ɗaya sefa 350,000 ne, jimla sefa miliyan 21. A takardar za a ga 21.000.000 ko 21 000 000. Inda aka rubuta 2,5 % na ƙasa da tsakuwar da aka yafe a cikin buhu, biyu da rabi ake nufi, ba ashirin da biyar ba. Kuɗi a yarjejeniya yakan zo sau biyu, da alƙaluma da kuma kalmomi. In biyun suka saɓa, mai fassara ba ya gyarawa da kansa. Yana fassara kowanne yadda yake, ya sa alama, ya sanar da mai aikin.

Wurare uku ne a wannan yarjejeniya takarda ta rabu da maganar baki, kuma su ne ainihin darajar aikin.

Na farko kafin alƙalami. An yi magana Alhaji zai ba da kashi 30 cikin ɗari tun farko, sefa miliyan 6 da dubu 300. A tsarin dokar da ƙasashen renon Faransa suka gada, kuɗin da ake bayarwa gaba iri biyu ne. In an rubuta acompte, ciniki ya faɗa, kuɗin wani ɓangare ne na farashi, wanda ya janye zai iya fuskantar biyan diyya. In kuwa arrhes aka rubuta, ƙofar fita a buɗe take ga kowa: mai saye ya fasa ya yi asarar abin da ya bayar, mai sayarwa ya fasa ya mayar da ninki biyu. Takardar Maraɗi arrhes ta ce. Ga kayan gona da farashinsu ke tsalle bayan kaka, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin mai kaya na iya yin lissafi ya ga fasawa ta fi masa riba, a bar Alhaji da alkawarin da ya ɗaukar wa nasa masu saye. Injin fassara yakan mayar da kalmomin biyu abu ɗaya, Hausar kasuwa ma kafin alƙalami take ce wa duka. Abin da malamin ya yi daidai shi ne ya bar kalmar Faransancin a wurinta cikin fassarar, ya rubuta bayanin layi biyu a ƙasa, ya ce lauya ya duba yadda dokar za ta yi aiki a kansa.

Na biyu wurin miƙa kaya. Alhaji ya ce "a kawo mini Dawanau", ɗaya ɓangaren ya ce "ba matsala". Takarda ta ce FCA Maraɗi. Wannan ɗaya ne daga ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms na 2020, ma'anarsa mai sayarwa ya sauke nauyinsa da zarar ya miƙa kaya ga motar da mai saye ya turo a Maraɗi, bayan ya gama da takardun fitarwa. Kuɗin mota, asarar hanya, abin da zai faru daga Ɗan Isa zuwa Jibiya zuwa Kano, duk na Alhaji ne. Abin da Alhaji ke nufi ya fi kusa da DAP Dawanau, inda mai sayarwa ke ɗauke da kayan har wurin da aka ambata, mai saye ya ji da kuɗin kwastan na shigowa. Da wannan kuma akwai tambayar sikelin da za a yi aiki da shi, na wurin lodi ko na wurin saukewa, tunda buhun da aka auna a Maraɗi ba lallai ya ba da nauyi ɗaya a Kano ba.

Na uku ƙirgen kwanaki. Wa'adin biyan kowane kashi kwana 15 ne, amma jours ouvrables aka rubuta, wato duk ranaku ban da Lahadi da ranakun hutun hukuma, shida a mako. Da jours ouvrés ne, ranakun da ake buɗe ofis ke nan, galibi biyar a mako, sai wa'adin ya kai mako uku. Hutun ma na wace ƙasa? Nijar na hutu ranar 3 ga Agusta da 18 ga Disamba, Najeriya na yi ranar 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba. Tunda akwai tarar jinkiri a yarjejeniyar, kwana biyu na iya zama kuɗi.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Nijar na cikin ƙasashe 17 na OHADA, tsarin daidaita dokokin kasuwanci da aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993. Najeriya ba ta ciki. Saboda haka SARL da ke bayan sunan kamfanin, wato taƙaicen da ke nuna nau'in kamfanin a tsarin OHADA, ba a canza shi da sunan wani nau'in kamfani na Najeriya, ana barinsa a yi bayani. Lambar RCCM ta rajistar kasuwanci da lambar NIF ta haraji ana kwafe su harafi da harafi. In an ga HT, farashin bai haɗa da haraji ba, TTC ya haɗa. A ƙarshen takarda kuma a nemi jimlar da ke cewa wane harshe ne abin dogaro in fassara ta saɓa da asali. A nan Faransanci ne, don haka fassarar malamin ta fahimta ce, ba ita za a kai gaban alƙali ba.

Yadda ake tafiyar da aikin a tebur yana da nasa tsari. Kafin fara fassara a karanta takardar daga farko zuwa ƙarshe, a fitar da kalmomin da ke maimaituwa, a tsayar wa kowace fassara ɗaya, domin a rubutun shari'a canza kalma yana nuna canza ma'ana. Tambayoyi a tara su a aika sau ɗaya, ba a riƙa buga wa Alhaji waya kowace awa ba. In an gama a bar aikin ya kwana, washegari a yi bita biyu: ɗaya ta ma'ana, ɗaya ta alƙaluma da sunaye da ranaku kaɗai, yatsa a kan asali. Ƙa'idar ISO 17100 ta 2015, wadda ta duniya ce kan aikin fassara, ta shardanta cewa mutum na biyu ya duba fassara. Mai zaman kansa ba shi da abokin ofis, don haka sai ya ƙulla da wani ɗan'uwansa a sana'a suna duba wa juna, ya sa kuɗin hakan a cikin lissafi. Ana miƙa aikin a shafi mai gida biyu, Faransanci a hagu, Ingilishi a dama, sashe da sashe, domin lauya ya iya nuna wuri da yatsa.

Bayan an kai wa kamfanin Maraɗi ƙorafe-ƙorafen nan uku, sun aiko da sabon daftari, bayan kwana huɗu suka sake aiko da wani, ba tare da nuna inda suka taɓa ba. Malamin bai yi sharaɗin gyara ba, sai ya sake bin shafi tara sau biyu kyauta. Abu biyu ke maganin wannan. Ɗaya manhajar ajiye fassara, irin OmegaT wadda kyauta ce, ko Trados da memoQ na kuɗi. Suna riƙe kowace jimla da fassararta, in sabon daftari ya zo sai su nuna jimlolin da suka canza kawai. Ko Word ma yana iya gwama takardu biyu ya fito da bambancinsu. Ɗayan kuma layi ɗaya ne a takardar farashi: gyara ɗaya kyauta, abin da ya biyo baya da kuɗi.

Zuba yarjejeniyar mutane a shafin fassara na kyauta a intanet kuskure ne ko da fassarar ta yi kyau. Akwai sunaye, lambobin asusu da farashin da Alhaji ba ya so maƙwabcinsa na kasuwa ya ji, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Alhaji da kansa ba Ingilishin zai zauna ya karanta ba. Malamin ya naɗa masa bayanin minti goma da Hausa a waya, sashe da sashe, ya faɗa a farkonsa cewa taƙaitawa ce. Wannan ƙaramin ƙari ya fi komai ɗaure abokin hulɗa, kuma bai kamata a raina shi wajen sa farashi ba.

Ranar Maraɗi

Tafiya daga Kano ta Katsina da Jibiya tana cin mafi yawan yini in an haɗa da tsaye-tsayen shingaye, dawowa ma haka. Zaman sa hannun bai wuce awa biyu ba, amma kwana biyu ya ci na rayuwar malamin, da darussa huɗu na wasu ɗalibai da ya ɗage. Shi ya sa ake sa kuɗin tafinta da yini, yinin tafiya a biya rabi ko fiye, mota da masauki da abinci a kan mai aiki. Tun da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wajibi ne a bincika takardun da ake nema a iyaka a makon tafiyar, kada a dogara da yadda aka wuce bara.

A zaman, wakilin kamfanin ne ke karanta sashe da Faransanci, ya tsaya, malamin ya mayar da Hausa. Irin wannan tafintanci na bi-da-bi yana buƙatar littafi da biro, da ƙarfin halin tsayar da mai magana in ya zarce jimla uku ko huɗu. Tafinta yana magana da bakin mai maganar, ya ce "na yarda", ba "ya ce wai ya yarda" ba, domin "wai" tana sa shakka inda babu ita.

Inda aka kusa yin ɓarna ba a Faransancin ba ne, a Hausar ne. Ana maganar ladan masu lodi, mutumin Maraɗi ya ce ɗari kowane buhu. A bakinsa dala ɗari yake nufi, dala kuwa sefa 5 ce, wato sefa 500. Akawun Alhaji ya rubuta 100. Haka jika a Nijar sefa 1,000 ce, alhali jaka a bakin dattawan Kano naira 200 ce. Dokar da ba a karyawa ita ce duk adadin da aka furta a rubuta shi da alƙaluma, a sa sunan kuɗin a gefensa, a juya takardar kowa ya gani kafin a wuce.

Sai matsayin malamin a tsakaninsu. Alhaji ne ke biyansa, amma abin da aka faɗa zai mayar, ba ƙari ba ragi, ko da bai yi wa Alhaji daɗi ba. Ana cikin zama Alhaji ya juyo ya ce, "Malam, kai me ka gani, mu sa hannu?" Amsa mai kare kowa ita ce, "Alhaji, abin da takarda ta ce na faɗa maka. Shawarar sa hannu taka ce da lauyanka." Haka in ɗaya ɓangaren ya ja shi gefe da maganar la'ada. Tafinta ba dillali ba ne. Ranar da aka ji ya ci daga ɓangare biyu, ba a Dawanau kaɗai zai rasa aiki ba.

Akwai kuma iyakar hatiminsa. Ƙasashen renon Faransa suna da masu fassara da suka yi rantsuwa gaban kotu, waɗanda hukuma ke karɓar aikinsu. Najeriya ba ta da wannan tsari. Abin da aka saba shi ne mai fassara ya rubuta shaidar cewa fassararsa daidai take, ya sa suna da kwanan wata da hannu, in an buƙata a ƙara takardar rantsuwa daga kotu ko hatimin lauya mai izinin tabbatar da takardu. Da za a kai takardun Alhaji na Ingilishi wani ofishin gwamnati a Nijar, sai a fara tambayar ofishin fassarar wa yake karɓa, kafin a ɓata kuɗi a kan wadda za a mayar.

Darussan

Mai tambaya zai ce me ya sa za a koyi Faransanci don Maraɗi, garin da kasuwarsa Hausa take ji, a ƙasar da kundinta na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kundin nan ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, kuma rasit, takardar banki, takardar duwan (wato kwastan) da yarjejeniya har yanzu da Faransanci suke fitowa. Buƙatar yaran Alhaji ke nan: su karanta takarda, su ji adadi, su rubuta gajeren saƙo. Ba hira a kan yanayin Faris ba.

An tsara darasi uku a mako, kowanne awa ɗaya da rabi, na mako 12. Jimla awa 54. Ma'aunin Turai na ƙwarewar harshe yana da matakai shida daga A1 zuwa C2, kuma cibiyoyin koyar da Faransanci sukan ƙiyasta awa 60 zuwa 100 kafin a kammala A1, matakin farko. Don haka wanda ya yi wa Alhaji alkawarin cewa bayan wata uku yaransa za su karanta yarjejeniya ya yi ƙarya. Rubutun shari'a sai wanda ya kai B2 ko ya wuce. Abin da awa 54 za ta iya bayarwa a faɗe shi tun ranar farko, a rubuce: karanta daftarin farashi da takardar miƙa kaya, jin lamba har miliyoyi ta waya, cike fom, gaisuwa da gabatar da kai a ofis.

Mako ukun farko na sauti ne da lambobi, kuma a nan ya kamata a zauna sosai. Hausa ba ta raba p da f, don haka bakin ɗalibi yakan haɗa port da fort. V takan koma b. Wasalin u na Faransanci yakan zama ou, sai dessus da dessous, sama da ƙasa, su zama abu ɗaya. Ga wasulan hanci, ga baƙaƙen da ke haɗuwa babu wasali a tsakani, inda Bahaushe ke cusa nasa. Minti goma a farkon kowane darasi na maimaita kalmomi bibbiyu masu kama da juna ya fi dogon bayani amfani. Lambobi daga 70 zuwa 99 su ne tarkon ɗan kasuwa: 70 sittin da goma ne, 80 ashirin huɗu, 97 ashirin huɗu da goma sha bakwai. Ɗalibi yakan ji quatre-vingt ya rubuta 4 da 20 kafin mai magana ya ƙarasa. Maganinsa shifta: malami ya karanta farashi ashirin da saurin waya, su rubuta, kullum, har mako na goma sha biyu.

Bahaushe na da wata riba da mai Ingilishi ba shi da ita, tunda ya saba da jinsin namiji da tamace a kan kowane suna, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai jinsin ba ya tafiya tare: rana tamace ce a Hausa, a Faransanci namiji, wata namiji ne, a can tamace. Saboda haka ba a koyar da suna tsirara, sai tare da le ko la ɗinsa.

Daga mako na huɗu zuwa na takwas kayan karatu su ne takardun kamfanin kansa, bayan an goge sunaye da lambobin asusu. Sauran makonnin na kwaikwayo ne: ɗaya ya zama jami'in duwan, ɗaya direba, ɗaya ya bugo waya yana ƙorafin buhu biyar sun jiƙe. Aikin gida saƙon murya ne na minti ɗaya, kwana biyar a mako. Gwaji a mako na shida da na ƙarshe, a kai wa Alhaji sakamakon a rubuce, tunda shi ke biya. In ana son takardar shaida, jarrabawar DELF ce, ana yin ta a cibiyoyin Alliance Française, akwai reshe a Kano. Sassa huɗu ne, ji da karatu da rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana cin ta da 50 cikin 100, amma wanda ya kasa samun 5 a sashe ɗaya ya faɗi ko da jimlarsa ta kai.

Abin da ya lalace a nan abu biyu ne. A shago ake darasin, ciniki na shigowa ɗalibi zai miƙe, wani lokaci malamin ya iso a ce an aiki yaron banki. Cikin darussa 36 da aka tsara, da yawa sun tafi a haka, kuma tunda ba a biya gaba ba, asarar ta malamin ce. Tsarin da ke aiki shi ne kuɗin wata a biya a farkonsa, wanda zai ɗage darasi ya faɗa kwana ɗaya kafin lokaci, in ba haka ba an ƙirga shi; lokaci kuma a sa shi da sassafe kafin kasuwa ta buɗe ko bayan isha'i, a sake shi in azumi ya zo. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Ɗaliban sun mayar da wayar malamin ofishin fassara: hoton rasit da tsakar dare, saƙon murya daga Maraɗi, "Malam, don Allah me wannan yake cewa?" Kowanne minti biyar ne, amma a wata sai su tara awanni, kuma in aka yi kuskure a ɗaya, sunansa ne zai ɓaci a kan aikin da ba a biya ba. Ana raba su ne tun farko: tambayar darasi kyauta ce, takardar kamfani aiki ce, ko dai da mafi ƙarancin kuɗi a kan kowace, ko da wani adadi na wata-wata da ya ƙunshi, a ce, gajerun saƙonni ashirin.

Lissafin

A ce malamin na karɓar naira 25 a kan kalma. Kalma 4,000 naira 100,000 ke nan, a kwana huɗu na awa shida-shida, wato awa 24, kowace awa ta tashi sama da naira 4,000 kaɗan. A ce kuma darasi ɗaya naira 5,000 ne. A ido ya fi, tunda awa ɗaya da rabi ce. Amma akwai minti 40 na shiri da duba aikin gida, da minti 80 na zuwa da dawowa a adaidaita sahu; awa uku da rabi ke nan, kowace ta faɗo ƙasa da naira 1,500, ba a cire kuɗin mota ba. Darasin da ake bin ɗalibi har wurinsa sai an sa masa kuɗin tafiya daban, ko a haɗa ɗalibai uku zuwa biyar a zama ɗaya, ko a mayar da rabinsa ta bidiyo, wanda shi kuma yana cin data da cajin da sai an tanadi sola ko batir.

Ana ƙirga kalmomin takardar asali ne, ba na fassara ba, domin kowa ya san kuɗin kafin a fara. Farashin shafi yana jawo gardama tunda wani shafin layi goma ne, wani hamsin. Rabin kuɗi kafin a fara, sauran ranar miƙawa. In da sefa za a biya, a tuna cewa ita a ɗaure take da yuro a kan 655.957, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 take hawa da sauka, don haka takardar farashi ta faɗi kuɗin da za a biya da shi da kwanakin da farashin zai tsaya, mako ɗaya ya isa. Mai son aiki da kamfanoni masu akanta sai ya yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ya buɗe asusu da sunan, ya kuma tambaya ko za a cire masa harajin da ake riƙewa daga tushe, don kada ya ga kuɗi sun zo da giɓi ya ɗauka cuta ce.

Darasi, duk da ƙarancin ribarsa a awa, shi ne kuɗin da ke zuwa kowane wata, fassara kuwa sai ta zo. Wannan hanya ta nuna haka sau da yawa cikin 'yan shekaru. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an sake rufe iyakar Nijar, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, wanda ya taɓa masu fassarar takardun makaranta. A kowanne daga cikin waɗannan, wani nau'in aiki ya tsaya cak na watanni. Shi ya sa masu daɗewa a sana'ar suke riƙe ɗaliban da kuɗinsu zai biya haya da abinci, galibi 'yan sakandare masu shirin jarrabawa da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji masu neman DELF, su bar kwana biyu a mako babu darasi domin fassara ko tafiya, kuma ba sa bari abokin hulɗa ɗaya, komai girman cinikinsa, ya cinye musu fiye da sulusin mako.